Wanda Ya Tafa

Bayan la'asar Ɗanbala ya tada babur daga Sundimina ya nufi hanyar Gwaram. Malam Ishiyaku, malamin kimiyya a Birnin Kudu, ya aike shi neman wuri mai duhu inda ɗalibansa za su kafa tanti su kalli ruwan taurari ranar Asabar.

Bara ma sun je, gindin wani dutse kafin Dingaya. Khuzaima, ƙanin Ɗanbala, yana cikinsu. Kwana uku da dawowa ya rasu, jikinsa na warin ƙonannen gashi. Malam Ishiyaku ko gaisuwa bai zo ba. Bana kuma ya kira, murya wasai.

Ɗanbala bai nemi sabon wuri ba. Dutsen bara ya nufa.

Ya kashe babur ana shirin magariba. Ba kukan tsuntsu. Ba motsin ganye. Sai injin yana ƙas-ƙas yana hucewa.

Sannan warin ya zo.

Wata tsohuwa na tsugune inda aka kafa tanti bara, ta ba shi baya, tana tara toka da tafin hannu.

"Sannu, Inna."

"Ɗan'uwan mai tafi ne," ta ce a hankali. "Tafiyarku ɗaya."

Ya ja da baya.

"Ɗana ne ya hau sama, aka jefe shi da tauraro. Yana faɗowa yana ci da wuta, yaron nan ya tafa. Har da fito."

"Bai sani ba, Inna. Wanda ya kawo su shi ne mai laifi. Zan kawo miki shi ranar Asabar."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Ta juyo. Inda ya kamata idanu su kasance, garwashi biyu ne.

"Ni ba na tantancewa a duhu. Duk wanda ya ɗaga kai, nawa ne."

Ɗalibai goma sha huɗu ne za su zo. Da safen nan ya ga uwar ɗayansu tana soya masa ƙuli-ƙulin guzuri.

"Na fasa."

"Ka riga ka faɗa."

Hannunta ya kama wuyan hannunsa. Fata ta yi cuuu.

Ya fizge. Ya bar babur. Ya bar takalmi ɗaya. Yana gudu yana ayatul kursiyyu, yana sarƙewa, yana sakewa.

Washegari ya sami Malam Ishiyaku, ya nuna masa shatin yatsu huɗu. Malam ya yi dariya, ya ce salansar babur ce ta ƙone shi. Ɗanbala ya bi iyayen ɗaliban gida-gida har aka soke tafiyar.

Malam Ishiyaku na nan lafiya, har ya yi ƙiba. Ɗanbala kuwa, kowace Asabar da magariba warin nan kan tsaya a ƙofar zaurensa. Ya yi wa tsakar gidansa rufin kwano kaf, kuma 'ya'yansa sun san dokar: rana na faɗuwa, ido a ƙasa.