Taku Na Biyar

Ranar da Fa'iza ta fara ganin Sagiru, tsaye yake cikin kududdufin bayan gidansu a Ƙofar Kuyambana, ruwa iya gwiwa, yana cika 'yan kwalabe. Ba ta san sanda ta watsar da littattafanta ba.

"Malam, ka fito! Don girman Allah ka fito!"

Ya fito a rikice, wando sharkaf. Ya ce shi ɗalibin ajin ƙarshe ne a sashen nazarin halittu, ruwan yake ɗiba don bincikensa na kammalawa. Ita ma sashen take, aji biyu, amma kuka ya hana ta faɗa. Ruwan nan ne ya ci ƙanwarta Asabe shekara tara da suka wuce, kuma tare aka aike su.

Daga ban haƙuri aka koma rakiya. Sai ga Sagiru, wanda ko gaisuwa sai ya yi in'ina, ya ƙware a rubuta saƙo.

"Sanyin idona, wuni na yi a lab ina leƙen ƙananan halittu, amma zuciyata tana Kuyambana."

"Ka mai da hankali, Malamin Kifi, kar a ce ni na kayar da kai."

Da ya kammala, ya samu gurbin ƙaro karatu kan halittun teku a Legas, har da fita cikin jirgin ruwa. Manyansa suka zo neman aure. Kawunnanta suka ce sai sun ji ta bakin mahaifiyarta, Inna Adama, tunda mahaifinta ya rasu.

"Ruwa ya karɓi ɗaya," in ji Inna. "Ba zan miƙa ta biyun ga mai shiga teku ba. Ga Abdulhamid mai shagon yadi, ƙafarsa a ƙasa take."

Fa'iza ba ta yi musu ba, ko kuka ba ta yi a gabanta ba. Saƙo kawai ta tura wa Sagiru.

"Ka yafe mini. Ni na raba ta da 'ya ɗaya, ba ni da bakin roƙonta komai."

Kwana uku babu amsa. Ta ce shi ke nan, ya haƙura, abinci ya daina wuce mata.

A na huɗu Sagiru ya yi sallama. Ya durƙusa a bakin ƙofar Inna, kai a ƙasa, littafin bincikensa a hannu.

"Inna, ba roƙo na zo yi ba. Wata takwas na yi ina auna kududdufin nan. Taku huɗu daga baki, ruwa iya gwiwa ne. Taku na biyar rami ne, inda aka haƙi ƙasar gini, zurfinsa gaba uku, ƙasansa laka mai riƙe ƙafa. Ko ƙato ne a wurin ba zai ciro Asabe ba, balle Fa'iza, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya a lokacin. Ko ba ki ba ni ita ba, ki gaya mata haka. Gani take kin riƙe ta a zuci."

Inna ta juya ta dubi 'yarta.

"Fa'iza, dama abin da kike ɗauke da shi ke nan? Ni ce fa na aike ku wanki. Shekara tara kunyar haɗa ido da ke nake yi."

Suka rungume juna suna kuka, Sagiru ya sulale waje yana share nasa hawayen.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura auren Fa'iza da Sagiru. Ranar tafiyarsu Legas, Inna ta raka su mota ta hanyar bayan gida, wadda rabonta da bi tun rasuwar Asabe. Ta tsaya a bakin ruwan ta yi wa marigayiya addu'a, sannan ta ɗora hannun Fa'iza a kan nasa.

"Duk ruwan da za ka shiga, ɗan nan, ka fara auna shi, ka dawo mata. Allah ya yi muku albarka."