Bindigogin Rake a Kwarbai

"Kowa ya kwanta! Wadda ta motsa sai lahira!"

Muryar Bahago, shugaban 'yan fashin, ce ta cika tsakar gidan Hajiya Batulu, mai sayar da gwal a Kwarbai. Juma'a ce, liman ya hau mumbari, mazan unguwa duk suna masallaci. Su uku suka faɗo gidan, fuska a naɗe, kowa ya rungumo doguwar aba cikin baƙin ƙyalle.

Hajiya na kan tabarma tana yanka kuɓewa. Ta saki salati, ta kife a wurin.

"Hajiya, akwatin!"

"Ɗan nan, ka ji tsoron Allah, yau fa Juma'a ce!"

"Shi ya sa muka zo. Dogara, bi ta ɗaki!"

Jumare na tsaye bakin zaure, gumi na bin bayansa. Ba tsoron mata yake ba. Tsoronsa kada ƙyallen ya zame, domin abin da ke ciki ba bindiga ba ce. Rake ne, baƙi, mai kauri. Kuma dabararsa ce.

Goro Jumare yake sayarwa a ƙofar Babbar Kotu. In kasuwa ta yi sanyi sai ya shiga ya zauna a bencin baya yana sauraron tafinta, har abokai suka sa masa suna Lauya. A daminar 1982 ya ji hukuncin da ya hana shi barci. An kawo wani da laifin fashi da makami, alƙali ya ce ba a tabbatar da makamin ba, don haka fashi ne kawai. Mutumin ya sami ɗauri, ya tsira daga harbi.

Da gudu Jumare ya kai wa Bahago labari.

"Oga, makami ne ke sa a ɗaure mutum jikin durom a harbe. Ba makami, ba harbi!"

"To da me za mu tsorata su? Da haƙora?"

"Da rake. Amma sharaɗi biyu. Ko allura kada wani ya ɗauko, don in aka samu a aljihun mutum ɗaya, duk mun tafi. Sannan raken nan a riƙe shi da kyau. In ta ɓaci, shi ne shaidarmu."

Ga shi kuwa dabara ta ci. Dogara ya fito da akwatin gwal, Bahago ya fizge.

"A ware!"

Suka bi lungu, suka sake bin wani, suka haura ta inda ganuwa ta zube. Nan suka kwance fuska, suka rage sauri kamar masu zuwa gona. Bahago a gaba da akwati, Jumare a tsakiya. Dogara, ƙato mai cikin da ba ya cika, shi aka ɗora wa raken duka, yana biye a baya.

Can a Kwarbai kuwa ihu ya tashi daidai lokacin da ake saukowa daga masallaci. Saje Isma'ila ya iso da kurata biyu.

"Hajiya, da me suka zo?"

"Bindigogi, Saje! Dogaye, irin na soja!"

Saje ya bi lungun da aka nuna masa har ganuwa. A nan ya tsaya, ya sunkuya. Ɓawon rake ne a ƙasa, an fere shi tsaf. Gaba kaɗan ga tuƙa, ɗanya, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Gaba kuma ga wata.

"Wane ne ke shan rake ana sallar Juma'a?" in ji shi. "Ku biyo ni. Kai, kurtu, tsince su kana zubawa a hula."

A gindin dutsen Kufena 'yan fashin suka zube a inuwa. Jumare ya waiga don ya karɓi shaidarsa. Sai ya ga baƙaƙen ƙyallaye rataye a kafaɗar Dogara, babu komai ciki. Gaɓa ɗaya ta rage, tana bakinsa. A hannunsa kuma ga wuƙa tana ƙyalli.

"Dogara! Ina bindigogin?"

"Lauya, ƙishi na ji. Wallahi naka ya fi zaƙi."

"Ka shanye shaidarmu? Wuƙar fa, daga ina?"

"A faifan Hajiya na ɗauka da za mu fito. Da me kake so in fere?"

Jumare ya ɗora hannu a ka. "Mun shiga da rake ba wuƙa, yanzu ga wuƙa ba rake! Wa zai yarda da kai, jakin banza?"

"Ku yi ta yi," in ji Bahago. "Bari in zaga bayan dutse in kama ruwa."

Ya zaga, da akwati a hammata. Bai dawo ba.

"Kada wanda ya motsa!"

Saje ne da kuratansa, kuma wannan karon bindigar ta gaske ce. Jumare ya zabura — santsin dutse ya kwashe shi — tim! Dogara ya ɗaga hannu sama, wuƙa a dama, guntun rake a hagu, yana ta tauna.

Bahago ma bai yi nisa ba. Ya kai wa wani maƙerin gwal 'yan kunne daga akwatin, maƙerin ya gane na Hajiya ne, ya sa aka riƙe shi. Da ya ji matsa sai ya rantse wa 'yan sanda cewa wuƙar ta Jumare ce, daga gida ya zo da ita.

Ranar shari'a Jumare ya tsaya a akwatin masu laifi da ya saba hangowa daga bencin baya. Ya san inda maganar take: in wuƙar nan ta tabbata tasu ce, durom ne.

Saje ya fara ba da shaida. Ya juye busasshiyar tuƙa a kan tebur, kotu ta kwashe da dariya, har sai da aka buga oda. Lauyan gwamnati bai yi dariya ba.

"Mun ji, ba bindiga. Amma ga wannan."

Ya ɗaga wuƙar, ya sa aka kira Hajiya Batulu. Ta shigo tana harare-harare, ta yi rantsuwa, ta nuna su ɗaya bayan ɗaya.

"Su ne, Ranka ya daɗe. Allah ya isa tsakanina da su!"

Lauyan ya miƙa mata. "Hajiya, dubi wannan wuƙa. Kin gan ta a hannunsu da suka shigo?"

Jumare ya rufe ido. Hajiya ta karɓa, ta juya ta, ta shafa ƙotar.

"La ilaha illallahu! Wuƙata!"

"Hajiya, tambayar ita ce..."

"Wuƙar kuɓewata ce! Ga zaren da na ɗaure ƙotar da shi. Tun daga Makka na zo da ita. Na juye gidan nan kaf ina nema, har na yi wa Rabi mai aikina faɗa a banza. Ashe wannan ƙaton ne ya ɗauke!"

Alƙali ya sauke tabarau. "Wato da suka shigo, wuƙar tana ina?"

"Tana hannuna mana! Da na kife na sake ta a faifai. A ba ni abata!"

Lauyan gwamnati ya zauna a hankali.

Da alƙali ya zo yanke hukunci, ya ce bindiga ta tabbata rake ce, wuƙa kuma kayan sata ce, babu wanda aka nuna wa ita. Fashi ne, ba da makami ba. Shekara ashirin da ɗaya kowannensu, har da Bahago.

"Alhamdu lillahi!" Jumare ya yi tsalle a cikin akwati. Ba a taɓa ganin wanda aka ɗaure yana murna haka ba. Dogara ya rungume shi.

"Lauya, mun ci ko?"

"Mun ci! Na faɗa muku!"

Yana ta washe baki har bakin motar fursuna. A nan ya tarar da matarsa Kulu tsaye, da jaririyarsu Nana a kafaɗa. Ba ta yi kuka ba. Ta juyo masa da fuskar yarinyar.

"Sannu da nasara, Lauya. Kalle ta da kyau. Ranar da za ka fito, da goyonta za ta tarye ka."

Jumare ya rufe baki. Ya yi ta kallon Nana tana tsotsar yatsa, har kurtu ya ja ƙofar.