Muryar Rahama a Waya Ɗari Takwas

Ƙarfe goma daidai wayar mai gadi ta yi ƙara a ƙofar ofis, Rahama ta sake jin muryarta na fitowa daga ciki.

"Zain... Allah Ya kai ka Misau lafiya. Ko Hajiya ba ta so na, ni dai kai nake so, masoyina."

Dattijon ya yi saurin kashewa, ya kau da kai.

Rahama ta shiga ciki, ta zauna a kujera.

Shekara biyu tana aiki a wannan ƙaramin kamfani na Azare. Ita ke tsara wa manhajarsu lokutan aiki: saƙon muryar da ke kiran makiyaya duk Litinin kan rigakafin shanu, da sanarwar da ake turawa sau ɗaya tak. Jiya ta naɗi wannan saƙon, ta sa ya tafi sau ɗaya, ƙarfe tara na safiyar yau, zuwa wayar Zainulabideen, likitan dabbobinsu. Yau ta tarar an mayar da shi mai maimaituwa duk awa, zuwa lamba ɗari takwas.

Har da ta mahaifinta.

Ta danna wajen tsayarwa, manhajar ta nemi lambar sirrin shugabansu, Malam Abdulrashid. Shi kuwa tun safe yana wata ruga bayan Shira, inda waya ba ta shiga.

Ta fizge wayar wutar kwamfutar.

"Wahalar banza," in ji Rukayya daga ɗaya teburin. "Ke kika koya mini cewa ba a nan aikin yake gudana ba. Ko ofishin kika ƙona sai ya tafi."

Rukayya 'yar ƙanwar Hajiya Meram ce, mahaifiyar Zain, kuma ita kaɗai ta rage a ofis jiya.

"Me na yi miki, Rukayya?"

"Ni? Muryata ce a ciki?"

Sha ɗaya ta yi, saƙon ya tafi.

Sha biyu ma haka.

Rahama na zaune tana kallon agogo, hawaye na sauka. Sai bayan azahar Malam Abdulrashid ya samu waya ya tsayar, bayan an ji ta sau biyar. Ya kira ta, murya a sanyaye.

"Na ga wanda ya taɓa jadawalin, zan yi maganin abin. Amma wanda ya ji ya riga ya ji. Ki je gida, Rahama."

A mota zuwa Katagum ta rufe fuska da mayafi. Wasu mata biyu a bayanta na ta hirar saƙon, ba su san ita ce ba.

Goggonta ta tare ta a bakin shinge, ta riƙe hannunta.

"A kasuwar shanu saƙon ya samu Baffanki, cikin mutane. Tun da ya dawo bai ci komai ba."

Mahaifinta, Alhaji Hammawa, na zaune a inuwar ɗorawa. Ta durƙusa nesa da shi.

"Ke yarinya. Abin da kunnena ya ji, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baffa..."

"Ya taɓa saɓa wa Allah a kanki?"

"Wallahi a'a."

Ya gyaɗa kai.

"To kunyar ni zan ɗauka. Ki ce ya turo manyansa ranar Juma'a."

Ta kira Zain.

"Rahamata, daina kuka. Zan shawo kan Hajiya, in sha Allah."

"Zain, kai kaɗai ka rage mini..."

Ranar Juma'a Goggo ta dama fura da kindirmo, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Ƙannen Baffa biyu suka zo daga Jama'are. Aka yi la'asar, babu kowa.

Can sai ga babur.

Zain ne, shi kaɗai.

Ya cire takalmi, ya tsuguna a gefen tabarmar. Rahama na bayan zana tana ji.

"Ina manyan naka, Likita?"

"Alhaji... Hajiya ta ce duk garin nan an ji sunanta a bakin yarinya. Ta yi rantsuwa in na sake zancen ba ta yafe mini nononta ba. Kawunnaina sun ƙi zuwa."

"Kai kuma me ka zo da shi?"

Zain ya sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo masa.

"Na zo ba da haƙuri ne."

Baffa ya jinjina kai.

"Ka bi uwarka, ba zan ce ka saɓa mata ba. Sha fura ka kama hanya."

Bai sha ba. Ya miƙe, ya tsaya yana duban zanar, kamar ya san tana nan.

Rahama ta cusa mayafi a baki don kada kukan ya fito. Taku goma ne tsakaninsu, ba ta da ikon yin ko ɗaya.

Ƙarar babur ɗin ta yi nisa har ta ɓace.

Baffa ya sallami ƙannensa, ya naɗe tabarmar da hannunsa. Da ya zo wucewa ta bakin zanar sai ya tsaya, bai dube ta ba.

"Rahama," ya ce.

Ita ce 'yar farinsa, tun da aka haife ta bai taɓa kama sunanta ba.

"Tashi ki shiga ciki. Gidanku ne."