Kumfa a Kan Jiƙaƙƙen Kwano

Ranar da ta fara ganinsa, dariya ce ta ƙwace mata. Mutum ne ya fito daga bayan mota cikin farar riga daga kai har ƙafa, fuska a rufe da takunkumi, yana jan dogon tiyo.

"Sannu da saukowa, Ɗan Sama Jannati," ta ce daga bayan kekenta na ɗinki.

Ya zare takunkumin yana murmushi. "Yauwa, Mai Allura. Ina maigidan?"

Maigidan mahaifinta ne, kafinta, kuma ita ke ɗinka masa rigunan kujeru. Wurin aikin nasu na kwano ne bango da rufi. Da rana ya gasa mutum, da safe ya yi gumi yana ɗiga a kan katako. Da Baba ya gaji, sai ya kira mai feshin kumfar da ke hana kwano zafi da ɗiga. Aikin kwana uku ne, saboda haka aka fitar da injina da keken ɗinki ƙarƙashin rumfa, aka rufe tagogi da leda.

Ta gefen ledar taga take leƙensa. Ruwan zai fito daga bindigar feshi siriri, kafin ƙiftawar ido ya kumbura kamar ƙullun burodi, ya toshe kowane ramin ƙusa da kowace mahaɗar kwano. In ya fito shan iska, sai ya yi ta yi mata bayanin da ba ta tambaya ba.

"Ba a fesawa sai rana ta busar da kwano, wajen sha ɗaya. In da laima ko kaɗan, kumfar ba ta kamawa."

"To, malam, na haddace," ta ce. Gaskiya kuwa bakinsa take kallo, ba darasin take ji ba.

A rana ta biyu suka karɓi lambar juna. Da yamma ta tura masa saƙo: "Gobe za ka gama ka tafi, ko gaisawa ba mu yi sosai ba. Ka zo ƙarfe bakwai, makulli na hannuna. Baba sai goma."

Ya zo. Suna tsaye a bakin ƙofa, ko minti ashirin ba su yi ba, sai ga ƙarar babur ɗin Baba. Mutumin da bai taɓa sammako ba, ranar ya yi.

"Lafiya da sassafe haka?"

Bakinta ya riga hankalinta. "Aiki ya zo farawa, Baba. Ya ce da safe ta fi kamawa."

Mai feshi ya ɗaga kai ya dubi rufin da ke tsiyayar raɓa, sannan ya dube ta sau ɗaya. Ya sa rigarsa ya hau tsani, Baba na tsaye yana kallo.

Makonni uku suka biyo baya masu daɗi. Wurin ya yi sanyi, har an fara maganar manyan mai feshi za su zo neman aurenta. Sai ran nan da hantsi suka ji tim! Wani falle na kumfa mai faɗin ƙofa ya ɓanɓaro daga rufi, ya sauka a kan kujerun wani mutum da aka gama shafa musu fenti. Kafin yamma rabin rufin ya yi lilo.

Baba ya kira mai feshi, ita kuma tana bayan labule tana jin komai.

"Maganin ne ya lalace?"

"A'a, Baba. A kan jiƙaƙƙen kwano na fesa. Laifina ne."

"Ka san haka, ka hau?"

"Na sani."

"To ka kankare kayanka ka ba ni wuri. Wanda zai ha'ince ni ina tsaye a kansa, ba zan ba shi 'yata ba. Maganar ta mutu."

Ta so ta fito, amma ba ta fito ba. Tsoro ne, babu wani suna da za a ba shi, kuma ta tsani kanta saboda shi.

Kankare kumfa ba aikin da za ka yi wa maƙiyinka fata ba ne. Wadda ta ƙi kamawa ta faɗo da kanta, wadda ta kama kuma sai an bi ta taku-taku da ƙarfe. Kullum yana kan tsani shi kaɗai, gari na zubo masa a gashi. Ba ya kallon rumfa, Baba ba ya amsa gaisuwarsa.

Ta tura saƙo: "Ɗan Samana, ka yafe min. Ka yi min magana ko zagi ne." Shiru. Ta sake turawa: "Na san ka tsane ni, kuma kana da gaskiya." Shiru dai.

Gwaggonta kuwa ta samu abin yi. Ɗan ƙawar Gwaggon mai shagon fanka da na'urar sanyaya ɗaki ya fara sintiri, takalmi na ƙyalli, turare na riga shi shigowa. Har fanka ya kawo wa Baba kyauta, yana cewa, "Waɗannan masu kumfar ai sai a hankali."

"Yaro mai natsuwa," in ji Gwaggo. "Ke kin tsaya jiran mai kankare kwano. Ranar Asabar iyayen wannan za su zo."

Mai Allura ta daina cin abincin kirki. Sau biyu allura na huda mata yatsa ba ta ji ba sai da ta ga jini a kan yadi. A ranta ta gama sallamawa, domin wanda take so ya daina sonta, kuma da bakinta ta jawo.

Ran Alhamis mai feshi ya sauko shan ruwa, Baba ya shiga ciki ɗauko zarto. Ta tare mai feshin a bakin famfo, sai ta ga hannayensa a naɗe da tsumma, jini ya ɓullo.

"Me ya sa ba ka amsa min?"

"Baba ya ce kar in ƙara neman ki, na kuma ce to," ya faɗa a hankali, idonsa a ƙasa. "Na riga na yi masa ƙarya ɗaya da aikina. Ba zan ƙara ta biyu ba, ko da zan rasa ki. Amma tsana? Haba, Mai Allura."

Ba ta tsaya tunani ba, don ta san in ta tsaya ba za ta iya ba. Ta shiga ta durƙusa a gaban Baba cikin garin kumfa.

"Baba, ni na kira shi da sassafe don mu yi hira. Ni na ce da safe ta fi kamawa. Shi ya gaya min ba a yi, ya hau ne don kar in ji kunya a gabanka."

Baba ya daɗe yana kallonta. Da duka ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Kwana goma sha biyu kina kallon yaron nan yana zubar da jini, kika yi shiru?"

"Eh, Baba."

Ya miƙa hannu kan tebur ya ɗauko ƙarfen kankara ya ajiye a gabanta. "Bangon gabas naki ne."

Ya hana baƙin Asabar zuwa, Gwaggo ta yi fushi ta daina gaisuwa, amma bai ce ya janye maganarsa ba. Kwana tara suna kankara, ita a ƙasa, shi a sama, Baba a tsakiya kan kujera. Tafin hannunta ya yi bororo ya fashe. Da aka gama, mai feshi ya jira har sha biyun rana, ya shafa kwano da bayan hannu, sannan ya fesa.

Bayan mako biyu Baba ya ɗauki sanda ya bi rufin yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, yana sauraron inda zai ji rami. Ita tana tsaye tana kallo. Ya kai ƙarshe, ya jingine sandar.

"Ka ce wa manyanka ina gida."

Wata biyu bayan nan aka ɗaura aure. Da za a tafi da ita, Baba ya kira su biyun. Ya riƙe hannayenta ya juya tafin, tabon na nan bai gama ɓacewa ba. Sai ya ce:

"Ni ma na tsaya a ƙarƙashin rufin nan yana ɗigo min a wuya, ban ce a dakata ba. Ku yafe min nawa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Ango ya ce amin. Ita kam kuka ya hana ta, sai kai take gyaɗawa, hannunta na cikin na mahaifinta.