Surukin da Ya Ƙi Taɓa Siniya

A kasuwar amfanin gona ta Gadarif, can ƙasar Sudan, Mailafiya ya fara ganinta, ranar da buhun riɗi ya ɓarke masa a ƙafa. Saurayi ne ɗan Maigatari ta Najeriya, ya zo kakar bana koyon tace riɗi da inji. Ya tsaya yana zazzaga wa buhun masifa da Hausa, don Larabcinsa bai kai na faɗa ba.

"Ya zol, bawan Allah, buhun nan ba ya jin Hausa. Gwada masa da Larabci."

Ya waiga. Budurwa ce cikin taubi, lafayar matan Sudan, ruwan goro, riƙe da kwanon karin kumallo, tana dariyar da ta tafi da sauran hankalinsa. Mawada ke nan, 'yar Hajji Eltayeb mai rumbun da yake aiki a ciki. Ubanta Balarabe ne, Hausa kuwa a bakin kakarta ta wajen uwa ta sha, Habboba Ummusalama, wadda iyayenta suka yada zango a nan kan hanyar Makka.

Kafin a gama kwashe riɗin nan, tuni lambarta ta shiga wayarsa. Wai don ta koya masa Larabci. Ji wata dabara!

"Tauraruwata, yau wace kalma za a koya wa ɗalibi?"

"Habibi. Maimaita har ta zauna."

"Ai tun a kasuwa ta zauna, bakina ne bai sani ba."

Soyayyar 'yan Najeriya ta riƙa ba Mawada mamaki. Sai ga turare, wai toshi. Sai ga alewa, wai ta ƙawayenta. Sunan ubanta kuwa ko da kuskure bai taɓa kamawa ba, sai dai Baba. Abin ya yi mata daɗi har ta kasa ɓoyewa, maganar ta isa kunnen Hajji.

"Ya zo ranar Juma'a mu ci abinci, in gan shi," in ji Hajji.

Wayyo murna! Aka yanka rago. Mawada da ummanta suka wuni kan kisra, wato siririyar wainar dawa, da miyar tagaliya ta busasshen nama, aka cika siniya, babban farantin nan, har ba wurin ajiye gishiri. Hamad ma ya zo, ɗan wan Hajji, wanda ya daɗe yana zagayen Mawada ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba.

Mailafiya ya tuɓe takalmi tun daga bakin titi. Ya shiga ɗakin baƙi ya tsuguna can gefe, kai a ƙasa.

"Itfaddal, bismilla," in ji Hajji.

"Alhamdu lillahi Baba, na ƙoshi."

Hajji ya tura masa cinya, ya yi godiya. Ya miƙa masa ruwa, ya karɓa da hannu biyu ya ajiye. Ga yunwa tana cin mutum, ga ƙamshi, amma ina! A garinsu wane marar ta-ido ne zai buɗe baki ya tauna a gaban suruki? Hamad kuwa ya naɗe hannun jallabiya ya gyara wa siniyar zama, har yana suɗe yatsa.

Mailafiya ya fito yana taƙama, ya tura saƙo.

"Habibti, yau na fitar da ke kunya. Ko ruwa ban kurɓa ba!"

"Ka kashe mu, Mailafiya! Ka kashe mu!"

Hajji dai ya tsaya tsakar gida yana huci. "Na yanka masa rago ya ƙi ci! Ko idona bai kalla ba, kamar ɓarawo. Ƙyamarmu yake yi? Wanda bai ci gishirina ba, ba ya auren 'yata. Kalas, magana ta ƙare! Ku dubi Hamad, ɗan halas, har ƙashi bai bari ba."

Ga kakar riɗi ta zo ƙarshe, da an ɗora lodin ƙarshe Mailafiya zai koma gida. Mawada ta ruga ɗakin kakarta ta faɗa kan cinyarta tana kuka.

"Habboba, ina son shi, wallahi ina son shi, ga shi ya ɓata komai."

"Tsaya, 'yar nan. Bai ci ba?"

"Ko loma."

"Ya tsuguna? Ya kalli idon ubanki?"

"Ƙasa ya yi ta kallo."

Sai tsohuwa ta rangaɗa guɗa har tattabaru suka watse! Ta ja sandarta ta nufi Hajji.

"Ya Eltayeb, ka tuna ranar da ka zo neman 'yata? Ka share siniya tas, ka ce a ƙaro miya. Marigayi mijina ya shigo yana salati, ya ce wane irin marar kunya ne wannan, ba zai ba ka ba. Ni na ce masa, Malam, a wurinsu ci shi ne girmamawa. To yau ga ta ta juyo. Yaron nan ya zauna da yunwa don ya ɗauke ka uba. Rabona da ganin irin wannan kunya tun ina yarinya."

Hajji ya shafa gemu. "Ashe Malam ya so hana ni?"

"Saura ƙiris."

"To ya dawo gobe. Amma sai ya ci, ya Hajja. Ni ma ina da tawa al'adar."

Mawada ta kama waya ta tura saƙo. "Nurul aini, gobe ka ci. Ko loma ɗaya ce. Aurenmu yana cikin kwanon nan."

"Zan ci, ko da kunya za ta kashe ni a wurin."

Washegari ga siniya, ga Hajji a kan kujera, ga Mawada da kakarta maƙale a bayan taga. Mailafiya ya wanke hannu. Ya gutsuri kisra, ya dangwali miya, ya ɗago. Sai idonsa ya faɗa cikin na Hajji, hannun ya tsaya cak a iska, gumi na tsattsafo masa. Ya yi, ya yi, lomar ta ƙi ƙarasawa. Mawada ta dafe ƙirji, hawaye ya zubo mata.

Hajji ya daɗe yana kallon hannun nan da ya maƙale a iska. Sai ya miƙe, ya ɗaga kujerarsa, ya juya ta ta fuskanci bango, ya zauna ya ba shi baya.

"Ci, ya waladi, ci ɗana. Ba na ganinka."

Mailafiya ya kai loma baki, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ban ji tauna ba!" in ji Hajji, yana magana da bango. "Ƙara!"

Ai kuwa ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Daga bayan taga guɗa ta tashi.

Kafin lodin ƙarshe ya bar Gadarif aka ɗaura aure, waliyyinsa ya iso daga Maigatari da akwatunan lefe, matan unguwa suka yi ta ɗaga atamfofi suna masha Allah. Hamad ya taya murna da gaske, kusa da tukunya.

Da aka kawo wa ango abincin walima, Hajji ya dafa kan Mawada ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu kunyar ubansu da ci irin na kakansu." Jama'a suka amsa da amin.

Sannan, ba wanda ya ce masa komai, ya ɗauki kujerarsa ya juya ta bango.