Kawunan Wiwi Tamanin a Mafeteng

Bisa ga takardun ofishin 'yan sandan Mafeteng, al'amarin ya ƙunshi shukar wiwi tamanin da aka datse wa kawuna a wata gona mai lasisin noma ta don magani, da mutum uku da aka yi wa tambayoyi, da mutum ɗaya da aka tsare. Takardun ba su ambaci cewa wanda aka tsare ba shi ne ya yi ba. Babu gurbin rubuta hakan a fom ɗin.

Da safiyar Litinin manajan gonar, Teboho Mokitimi, ya kai Sajan Khoabane ɗakin da shukar ke fure a ƙarƙashin fitilu. Mako uku ke nan da ta fara huda, lokacin da takan ninka tsawonta. Layi huɗu an aske su daidai wa daida. Layi na biyar, na jikin bango, ba a taɓa shi ba.

"Sata ce, Ntate," in ji manajan; Ntate shi ne Malam a harshensu. "Kuma ka san wa ke aiki a nan."

Sajan ya sani. Shekara goma sha biyar da suka wuce, shi da kansa ya kamo Ntate Sekhonyana daga kan duwatsu saboda noman wannan ganye a tsakiyar masara. Yanzu doka ta sauya, tsohon yana ban ruwa a gonar da hukuma ta sa wa hatimi. Kafin azahar Sajan ya sake rufe shi, domin tsohon fayil ya fi bincike sauƙi.

Sauran tambayoyin ya yi su ne don cika ƙa'ida. Mai gadi ba shi da makulli. Mme Malineo, wato Malama Malineo, mai kula da ɗakin, tana da shi.

"Ke kika yanke su, Mme?"

"Dube ni da kyau, Ntate. Ko kan tebur na hau, hannuna ba ya kaiwa. Tsani kuwa a ofishin manaja yake kwana, kamar ɗan fari."

Sai a kwana na tara Sajan ya tuna bai tambayi wanda ya tsare komai ba. Ya same shi lulluɓe da bargo, tuwon masararsa ya huce a kwano.

"Ina kawunan, Ntate?"

"Ɗana, ka taɓa jin an aske mace mai naƙuda? Shukar da ta fara fure ba a yanke mata kai. Sunkuyar da ita ake yi, a ɗaure. Da haka na ɓoye maka gonata shekara shida, ba ta taɓa leƙowa saman masara ba."

"Ai na kama ka."

"Maƙwabcina ya kama ni. Kai dai ka zo da mota."

Sajan ya koma gonar, wannan karon da idanunsa. Shukar layi na biyar duk a sunkuye take, an ɗaure kowace da zaren ulun da aka warware daga gefen bargo. A sauran layukan, ganyen da ke ƙasan yankan ya koɗe, bakinsa ya ƙone. A ɗakin da ke kusa akwai busasshen fure da ya nuna, ba a rasa ko tsinke ba. A ramin taki ya tono kawunan, duk a babbake.

Ya zube su a teburin manajan.

"Ɓarawon da ya bar nunanne ya kwashi ɗanye ƙonanne, sannan ya binne shi, ban taɓa gamuwa da shi ba. Ka bar su sun yi tsawo kafin fure, suka miƙe suka taɓa fitila suka ƙone, kai kuma ka datse kawunan ka binne. Tsoho ya ce a sunkuyar da su?"

"Ya ce."

"Me ka ce masa?"

Manajan ya daɗe yana duban tsanin da ke jingine a bayan ƙofa. "Na ce ba a kan dutse muke ba. Na ba shi layin bango don ya ƙyale ni. A makon da na kira ka, masu gonar za su zo duba aiki ranar Laraba, Ntate. Sata tana da uzuri. Jahilci ba shi da shi."

An saki Ntate Sekhonyana da yammacin ranar. Amma sharaɗin aiki a gonar ya hana ɗaukar wanda aka tsare kan zargin ganyen, kuma sharaɗin bai tambayi yadda zargin ya ƙare ba. Sajan ya raka shi tashar mota, ya tsaya tare da shi har motar ta cika.

Abin da aka yi asara: shuka tamanin, kujerar manaja ɗaya, kwana tara na wani tsoho, da aikinsa. Layi na biyar ya nuna lafiya bayan mako biyar, wasu suka girbe. Zaren ulun yana ɗakin ajiyar shaida, da lamba a jikinsa.