Inda Zuciya Take Rataye

"Wannan hannun na wane ne, Najaha?"

Malam Cha'ibu ya miƙo wa ƴarsa salula. Hoto ne: ga ta a rumfar mahauta a kasuwar Matameye, wani ya riƙe mata hannu a kan kayan cikin rago.

"Nawa ne, Baba..."

"Ɗayan fa?"

"Na Illa ne."

"Ɗan Sarkin Fawa! Sau biyu yana aikowa neman aurenki ina cewa a'a. Gidanmu bai taɓa haɗa zuri'a da mahauta ba!"

Marwan, ɗan wan babanta, shi ya ɗauki hoton. Yana gefen tabarma yana jan carbi kamar ba shi ba. Shekara biyu ke nan yana bin ta, tana kallonsa kamar tuwon jiya.

Ita kuwa Illa take so, so na haƙiƙa, kuma ta san in Baba ya yi rantsuwa yau, shi ke nan.

"Wallahi karatu ya kai ni, Baba."

Rabin gaskiya ce, amma rabin ma ai ba ƙarya ba ne.

"Karatu a wurin fawa?"

"A lakwal, makarantarmu ta kiwon lafiya a Zinder, mushe, wato malaminmu, ya koya mana babbar jijiyar da ke kwasar jini daga zuciya. Aorte ake ce mata. Ya ce kalmar mutanen Girka ce, asalinta abin da aka rataya. Ni kuwa na kasa gane me ya haɗa jijiya da rataya. Shi ne Illa ya ce in zo in gani da idona..."

"Rataya?"

Nan Malam ya saki fuska bai sani ba. Duk unguwa an san shi: a ba shi asalin kalma, sai ya manta da abincinsa.

"Ko ita ce watin ta littattafanmu na Larabci? Wadda in ta tsinke rai ya fita?"

"Ita ce, Baba."

"Kuma kin gan ta?"

"Har na taɓa."

Malam ya ajiye salular. Can ya ce, "Miƙo mini takalmina."

"Baba!" in ji Marwan. "Yau fa kasuwa ce, idon jama'a..."

Ko waiwayowa bai yi ba.

Da su ukun suka isa rumfar mahauta, Illa na hango rawanin Malam ya saki wuƙa ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, laifina ne, ba nata ba."

"Tashi. Nuna mini abin da ka nuna mata."

Illa ya saci kallon Najaha. Ta gyaɗa masa kai.

Ya jawo kayan cikin ragon da ya feɗe da safe, ya ware huhu, ya kama wata farar jijiya mai kaurin yatsa ya ɗaga. Sai ga zuciya tana reto a ƙasanta kamar goran da aka rataya da igiya.

"Allahu Akbar!" in ji Malam. "Ashe gani suka yi kafin su raɗa mata suna!"

"Ni ban san sunanta na boko ba, Malam. Na dai san daga nan take lanƙwasa, ta bi ƙashin baya, can wajen ƙugu ta rabu, kowace ƙafa da rabonta."

Malam ya naɗe hannun riga ya zura yatsa a ciki. Ya ja, ta miƙe. Ya saki, ta koma.

"Baba, jini zai ɓata maka riga," in ji Marwan. "Mutane na kallo!"

"Su kalla. Shekara talatin ina karantar da sunanta. Ragunan suna nawa na yanka? Ina yankawa sai in wanke hannu in bar wa waɗannan bayin Allah sauran, ban taɓa tsayawa na duba ba."

Ya daɗe yana kallon Illa. Najaha ta ji kunya, ta ji tsoro, ta kuma ji son Illa ya ƙaru, duk a lokaci guda.

"Yaro, yau ka karantar da ni. Ni kuwa ba na hana malamina abin da ya roƙa. Jibi bayan la'asar ina gida. Ka ce wa mahaifinka ya zo da ƴan'uwansa."

Marwan ya sulale ya shige cikin ƴan kasuwa.

"Kin ji, masoyiyata?" Illa ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Ko kunnena ne?"

"Na ji, abin ƙaunata... na ji!"

Malam ya yi kamar bai ji su ba. Ya sake sunkuyawa kan zuciyar.

"To wannan ƙaramar da ta ɓalle daga nan, ina ta nufa?"

Illa ya juya ya kalli Najaha.

Najaha ta share hawaye da bakin mayafi, ta matso tsakaninsu.

"Wannan kai take zuwa, Baba. Riƙe nan, in nuna maka."